Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Kwasar Kuɗi: Rikicin Anini A Rundunonin 'Yan Sandan Indiya

Ranar 5 ga watan Fabrairun 2019, Kotun Ƙolin ƙasar Indiya ta yanke hukunci a kan wata shari'a da aka daɗe ana tabkawa tsakanin gwamnatin tarayyar ƙasar da dubban hafsoshinta masu kaki, inda ta ce hafsoshin ne ke da gaskiya, a ba su haƙƙinsu na ƙarin albashi kamar yadda ake ba takwarorinsu masu zaman ofis. Kwana tara kacal bayan wannan hukunci, wato ranar 14 ga watan, sai wani ɗan ƙunar baƙin wake ya afka wa jerin gwanon motocin ɗaya daga cikin waɗannan rundunoni a Pulwama da ke yankin Kashmir, ya hallaka mutum 40. Aka lulluɓe akwatunan gawa da tutar ƙasa, mahukunta suka yi ta kwarara jawabai, aka ce ai waɗannan su ne 'ya'yan ƙasa na haƙiƙa. To, da aka gama jawabai aka share hawaye, sai lauyoyin gwamnati suka sake saɓa jakunkunansu suka koma kotu, suka ci gaba da jayayya da hafsoshin wannan runduna ɗin dai a kan wa ya cancanci ya shugabance ta. Sai da aka ƙara shekara shida cur ana wannan ja-in-ja.

Mai karatu zai so ya san su wane ne waɗannan mutane. A Indiya, kowace jiha tana da 'yan sandanta, kuma akwai soja. Tsakanin waɗannan biyun akwai wasu rundunoni biyar a ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta tarayya, waɗanda sunansu 'yan sanda, amma kayansu da makamansu da zamansu na bariki duk irin na soja ne, kamar dai 'yan mobal, sai dai sun fi su yawa nesa ba kusa ba. Akwai CRPF mai kwantar da tarzoma da yaƙar 'yan tawaye a cikin gida, wadda ita kaɗai tana da mutum sama da 300,000. Akwai BSF mai gadin iyaka da Pakistan da Bangladesh, wadda aka kafa ranar 1 ga Disambar 1965 bayan yaƙin da aka gwabza da Pakistan a wannan shekarar. Akwai ITBP mai gadin iyaka da ƙasar Sin a kan duwatsun Himalaya masu ƙanƙara, tun 1962. Akwai SSB a iyakar Nepal da Bhutan, sannan CISF mai gadin masana'antu da filayen jirgin sama, tun 1969. In an haɗa su baki ɗaya sun doshi mutum miliyan ɗaya.

Babbarsu, CRPF, gadon Turawan mulkin mallaka ce. Su suka kafa ta a garin Neemuch a watan Yulin 1939 da sunan 'yan sandan Wakilin Sarkin Ingila, don su riƙa tura ta ƙasashen sarakunan gargajiya tana murƙushe masu neman 'yanci. Da Turawa suka tattara komatsansu a 1947, sababbin mahukunta ba su rushe ta ba, suna kawai suka canja mata a 1949. Kuma tare da rundunar sun gaji wata ɗabi'a ta Bature: a ware wasu 'yan tsiraru a ce su ne jinin mulki, sauran jama'a kuwa su ɗauki kaya.

Ga yadda abin yake. Saurayi ya gama jami'a, yana sha'awar kaki. Hukumar ɗaukar manyan ma'aikata ta tarayya tana shirya jarrabawa iri biyu. Wanda ya ci ta farko, wadda ita ce babbar jarrabawar ƙasar, yana iya shiga rukunin manyan 'yan sanda da ake kira IPS, a horar da shi a Hyderabad, a tura shi wata jiha, nan da 'yan shekaru ya zama shugaban 'yan sandan gunduma guda. Wanda ya ci ta biyu, sai a ɗauke shi a ɗaya daga rundunonin nan biyar a matsayin ƙaramin kwamanda, a damƙa masa kamfani mai mutum ɗari da 'yan kai, a ce ya nufi daji ko bakin iyaka. Hukuma ɗaya ce ta jarraba su, gwamnati ɗaya ce ta ɗauke su, dukansu kuma a takarda hafsoshi ne masu daraja ta ɗaya. Amma daga ranar da suka sa kaki, hanyarsu ta rabu. Shi ɗan IPS an yanka masa lokaci: in ya shekara 14 ya isa a ba shi Mataimakin Sufeto Janar, in ya shekara 18 ya isa Sufeto Janar. Shi kuwa ɗan runduna sai kujera ta faɗi a samansa, in ba ta faɗi ba ya yi ta zama.

Kujerun saman nan kuwa ba duka ne nasa ba, kuma nan ne gizo ke saƙar. Lokacin da maganar ta zo gaban Kotun Ƙoli a 2025, ƙa'idojin rundunonin sun keɓe kashi 20 cikin ɗari na kujerun Mataimakin Sufeto Janar, da rabin kujerun Sufeto Janar, ga 'yan IPS da ake arowa daga jihohi. Sama da nan mafi yawan kujerun nasu ne, kujerar Darakta Janar kuwa, wato shugaban runduna baki ɗaya, tasu ce su kaɗai. Wato ke nan mutum ya shiga runduna yana saurayi, ya sha sauro a dajin Chhattisgarh, ya sha sanyi a Ladakh, ya binne yaransa da hannunsa, ya yi furfura a bariki, amma tun ranar da ya shiga an riga an rubuta cewa komai ƙwazonsa ba zai taɓa shugabantar gidan da ya tsufa a ciki ba. Wani ne zai zo daga waje, ya yi 'yan shekaru, ya koma jiharsa ko ya yi ritaya. Ina ma'anar kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi, in ba wannan ba?

Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne faɗaɗa rundunonin da aka yi. Bayan yaƙin Kargil na 1999, gwamnati ta sake fasalin tsaro, ta ba kowace iyaka rundunarta, ta ɗora wa CRPF nauyin tsaron cikin gida. Aka yi ta kafa sababbin bataliyoyi, aka yi ta ɗibar ƙananan kwamandoji garke-garke. Alhali kuwa kowace bataliya, duk da kamfanoni shida ko bakwai da ke cikinta, kwamanda ɗaya take da shi. Gindin dala ya yi faɗi, ƙoƙonta ya tsaya yadda yake, kuma ko a ƙoƙon an yanke wa baƙo rabonsa. Sakamakon haka shi ne ƙaramin kwamanda ya share shekara goma ko fiye da anini ɗaya a kafaɗa bai ga ƙarin girma na farko ba. Duba na wajibi da ya kamata a riƙa yi wa tsarin kujerun kowane rukunin ma'aikata duk shekara biyar, shi ma aka yi ta jan ƙafa a kansa.

Kada a ɗauka maganar ado ce ta kafaɗa. A gidan kaki, anini shi ne komai: shi ke faɗin wa zai sara wa wani, wa zai zauna wa zai tsaya, irin gidan da za a ba mutum, da abin da zai karɓa in ya ajiye aiki. Dattijon da ya shekara ashirin da biyar yana aiki zai ƙame ya sara wa wanda ya fara aiki shekara goma bayansa, don kawai ƙofar da suka shigo ta bambanta. Har 2019 ma akwai wani ƙarin zalunci: a huɗu daga cikin rundunonin, daga kwamandan bataliya zuwa ƙasa ana yi wa mutum ritaya yana ɗan shekara 57, daga Mataimakin Sufeto Janar zuwa sama kuwa sai 60. Wato an hana ka hawa, sannan an kore ka da wuri don ba ka hau ba. Sai da Babbar Kotun Delhi ta ce wannan wariya ce a watan Janairun 2019, sannan a watan Agusta ma'aikata ta mayar da shi 60 ga kowa. Shi ma wannan gyara ya zo da tasa cutar, domin duk wanda aka ƙara wa shekara uku a kan kujera, na ƙasa da shi ma an ƙara masa shekara uku na jira.

Shari'ar farko a kan kuɗi aka fara ta. Hukumar albashi ta shida, wadda shawarwarinta suka fara aiki daga 1 ga Janairun 2006, ta lura cewa manyan ma'aikata da yawa suna maƙalewa ba don laifinsu ba. Sai ta kawo wata dabara: duk lokacin da aka ɗaga wani babban jami'in mulki zuwa wani mataki a gwamnatin tarayya, to, jami'an sauran tsararrun rukunoni da suka girme shi a aiki da shekara biyu a ba su albashin wannan matakin, ko da babu kujerar da za a ɗora su. Albashin kujera ba tare da kujera ba ke nan. Masu aikin haraji suka samu, masu aikin gidan waya suka samu, masu binciken kuɗi suka samu. Da hafsoshin rundunonin nan suka miƙa hannu, sai aka ce musu ai ku ba tsararren rukuni ba ne. Mutumin da ke lissafin tambarin wasiƙa a Delhi tsararre ne, mai tsare bakin iyaka ba tsararre ba ne!

Hafsoshi suka garzaya Babbar Kotun Delhi. A watan Satumbar 2015 kotun ta ba su gaskiya, kuma daga cikin hujjojin da ta kafa har da takardun gwamnatin kanta, waɗanda tun 1986 suke lissafa waɗannan rundunoni cikin jerin rukunonin daraja ta ɗaya. Gwamnati ba ta ji kunya ba, ta ɗaukaka ƙara. Shi ne aka zo ga hukuncin Fabrairun 2019, wanda alƙalai Rohinton Nariman da M.R. Shah suka yanke. A watan Yuli na wannan shekarar majalisar ministoci ta amince. Aka yi murna a barikoki, aka ɗauka magana ta ƙare.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Mahukunta suka fito da sabuwar fassara: wai an amince ku tsararren rukuni ne, amma ta fuskar albashi kawai, maganar kujeru da aron shugabanni tana nan daram. Hafsoshi suka koma kotu, a watan Yulin 2020 Babbar Kotun Delhi ta ƙi taɓa maganar aro, suka sake hawa sama. Ranar 23 ga Mayun 2025, alƙalai Abhay Oka da Ujjal Bhuyan na Kotun Ƙoli suka ce babu wani rabin matsayi: rundunonin tsararru ne ta kowace fuska. Suka ba da wata shida a duba tsarin kujeru a gyara ƙa'idojin ɗaukar aiki, suka kuma ce a riƙa rage yawan kujerun 'yan aro sannu a hankali, har zuwa matakin Sufeto Janar, cikin shekara biyu. Hafsoshi kimanin 13,000 ne wannan hukunci ya shafa. Gwamnati ta roƙi kotun ta sake duba hukuncinta, a watan Oktoban 2025 kotun ta yi watsi da roƙon.

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin ba maganar banza suke yi ba. 'Yan IPS da masu goya musu baya suna cewa Indiya tarayya ce, tsaron gari kuma a hannun jihohi yake. Idan aka tura bataliyar CRPF wata jiha, ba ta da ikon gaban kanta, dole ta yi aiki da 'yan sandan jihar, waɗanda 'yan IPS ke shugabanta. In shugaban nan da shugaban can 'yan makaranta ɗaya ne, aiki ya fi tafiya. Suna kuma cewa sashe na 312 na tsarin mulki ya tanadi irin rukuninsu ne musamman don ya zama igiyar da ta ɗaure tarayya da jihohi. Sannan akwai wata hujja mai nauyi wadda ya kamata kowane talaka ya yi tunani a kanta: wanda ya taɓa riƙe gunduma ya san shari'a, ya san zama da jama'a, ya san cewa ba kowace tarzoma ce maganinta harsashi ba, saɓanin wanda duk rayuwarsa a bariki ya yi ta. Kuma tarihi ya shaida cewa wanda ya gina BSF daga tushe, K.F. Rustamji, babban ɗan sandan jiha ne da aka kawo daga waje.

To amma a 1965 ne aka kawo Rustamji, lokacin da rundunar ba ta da nata manya. Wanda aka kawo ya riƙe maraya, in marayan ya girma har ya yi jikoki, sai ya miƙa masa gidan ubansa. Shekara 60 bayan haka, a ce har yanzu runduna ba ta haifi wanda zai iya riƙe ta ba, to, ɗayan biyu ne: ko dai masu renon sun kasa reno, ko kuwa ba su son sakin gida. Batun haɗin kai da jihohi kuwa, ai ainihin haɗin kan a ƙasa ake yin sa, tsakanin kwamandan bataliya da shugaban 'yan sandan gunduma, kuma 'yan gida ne ke yin sa kullum. Wani abin lura kuma, gwamnatin tarayya da kanta ta sha kokawa cewa jihohi ba sa sakin 'yan IPS a ƙananan matakai, har kujerun Mataimakin Sufeto Janar da aka keɓe musu su yi ta zama fanko. Shi ya sa 'yan gida ke zargin cewa baƙin ba sa zuwa sai lokacin da aka sauke tukunya. A keɓe kujera ga wanda bai zo ba, a hana wanda ke tsaye a bakin ƙofa, wannan wace irin hikima ce?

Ranar 6 ga Afrilun 2010, 'yan tawayen Mao suka yi wa wani kamfanin CRPF kwanton ɓauna a dajin Dantewada, suka kashe mutum 76, cikinsu har da hafsoshin da ke jagorantar sintirin. Irin waɗannan hafsoshi, masu tafiya a ƙasa gaban yaransu, su ne ake gaya wa cewa ba su da gogewar shugabanci.

Sai dai fa kada mai karatu ya zaci 'yan gidan kansu a haɗe yake. A cikin gida ma akwai wata wutar. Kujerar ƙaramin kwamanda ƙofa uku gare ta: rabi na 'yan jami'a da suka ci jarrabawa, kusan sulusi na sufetocin da suka taso daga ƙasa, saura kuma na ƙananan jami'an da suka ci wata jarrabawa ta cikin gida. Kowace shekara sai an jera waɗannan kashi uku a takarda ɗaya, a ce wane ne gaba da wane. Nan ne ake yin ta. A ce an sami gurbi a bana, aka yi sanarwa, amma jarrabawa da tantancewa suka ci shekara biyu kafin ɗan jami'a ya kama aiki. A tsakanin nan an ɗaga wani sufeto, ya shekara guda yana riƙe da kamfani. Wane ne babba? Ɗan jami'a ya ce gurbina ya riga naka, jinkirin hukuma ba laifina ba ne. Sufeto ya ce ina kan aiki kana gida kana karanta jarida, ta yaya za ka girme ni? Kowa da gaskiyarsa. Kuma inda ake jiran kujera ɗaya shekara goma, lamba ɗaya a jerin sunaye tana iya zama bambancin shekara biyu na ƙarin girma.

Ita kanta Kotun Ƙoli ta yi amai ta lashe a kan wannan tambaya. A 2012, a shari'ar wasu sufetocin haraji, ta karkata ga shekarar da aka fara neman cike gurbi. A watan Nuwambar 2019, a shari'ar hafsoshin 'yan sandan jihar Manipur, ta sauka daga wannan ra'ayi, ta ce mutum ba zai nemi girma daga ranar da bai ma shiga aikin ba. Duk lokacin da aka sami irin wannan juyi, sai ma'aikatu su sake jera sunaye, wanda aka mayar baya ya ruga kotu, kotu ta ce a dakata da ƙarin girma har a gama shari'a, sai kowa ya tsaya cik, da mai ƙara da wanda aka yi ƙara.

Wannan tambaya ta "daga wace rana za a fara ƙirga" ba baƙuwa ba ce a Nijeriya, wadda ita ma daga hannun Ingila ta gaji 'yan sandanta. A ƙarshen Janairun 2025, Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda ta ba da umarnin a yi ritaya ga duk wanda ya haura shekara 60 a duniya ko 35 a aiki, ta kuma janye matsayin da ta ɗauka a 2017 na cewa wanda ya shiga a kurtu daga baya ya zama hafsa ta hanyar kwas, za a ƙirga masa aiki ne daga ranar da ya zama hafsa. Da alƙalami ɗaya aka tura ɗaruruwan manyan jami'ai gida, wasunsu kuma suka nufi kotun ma'aikata. 'Yan uwa matasa masu cike takardun neman aikin kaki, ranar da aka rubuta a takardar kama aiki da ƙofar da aka shigo ta ita, su ne za su bi mutum har ranar fanshonsa.

A koma Indiya. Duk wannan hayaniya ta mutum 13,000 ce a cikin kusan miliyan. Sauran fa? Kurtu ba shi da kuɗin babban lauya, ba shi da abokin makaranta a gidan jarida. Shi ma yana shafe shekaru goma sha kafin ya ga igiyar farko a hannun riga, kuma hafsan da ke kukan an danne shi daga sama, shi ne sau da yawa ke zaune a kan kurtu. Kashin dankali ke nan sosai. A watan Janairun 2017 wani kurtun BSF mai suna Tej Bahadur Yadav ya ɗauki hoton bidiyo na irin abincin da ake ba su a bakin iyaka, romon wake tsararo da ƙonanniyar gurasa, ya sa a Facebook. Ƙasa ta ɗauka, aka kafa bincike, a watan Afrilu aka kore shi daga aiki. Ga kuma maganar fansho: duk wanda ya shiga waɗannan rundunoni daga 1 ga Janairun 2004 an cire shi daga tsohon tsarin fansho, an sa shi a na yankan albashi, alhali an bar wa soja nasu. A Janairun 2023 Babbar Kotun Delhi ta ce su ma mayaƙan tarayya ne, a mayar musu, amma a wannan shekarar Kotun Ƙoli ta dakatar da aiwatar da hukuncin bisa roƙon gwamnati. In za a tura su gaban harsashi mayaƙa ne, in za a biya su ma'aikatan ofis ne.

Jiki magayi. A watan Disambar 2024 ƙaramin ministan cikin gida ya shaida wa majalisar dattawan ƙasar cewa daga 2020 zuwa 2024 sama da mutum 55,000 ne suka ajiye aiki don kansu ko suka nemi ritaya kafin lokaci a rundunonin tsaron da ke ƙarƙashin ma'aikatarsa, 730 kuma suka kashe kansu. Ba za a ce rashin ƙarin girma ne kaɗai sanadi ba. Akwai nisa da iyali, akwai ƙarancin hutu, akwai rigingimun gida. Amma a ƙasar da dubban ɗaruruwan matasa ke layi don gurbin kurtu guda, mutum ba ya tuɓe kakin gwamnati ya ajiye sai abin ya kai masa iya wuya.

Doka ta 1966 ta hana 'yan sandan Indiya kafa ƙungiyar ƙwadago ko kai kuka ga 'yan jarida ba da izini ba. Ƙofa ɗaya ta rage musu, ita ce kotu, kuma ya kamata mahukunta su gode wa Allah da suke bin ta. Tarihin ƙasar ya nuna abin da ke faruwa in mai bindiga ya fid da rai. A 1973 'yan sandan kwantar da tarzoma na jihar Uttar Pradesh suka yi bore, sai da aka kira soja, babban ministan jihar Kamalapati Tripathi ya rasa kujerarsa. A watan Yunin 1979 aka yi musayar wuta tsakanin soja da 'yan CISF masu bore a masana'antar ƙarfe ta Bokaro, mutum sama da 20 suka baƙunci lahira. Nijeriya ma ta ɗanɗana nata a Fabrairun 2002, lokacin da ƙananan 'yan sanda suka shiga yajin aiki a kan bashin alawus da rashin ƙarin girma, bayan 'yan makonni Sufeto Janar Musliu Smith ya bar kujera. Gwamnatin da ta sha kaye a kotu sau uku, kowane karo kuma ta fito da sabuwar dabarar zillewa, tana koya wa masu ɗauke da makamai cewa bin doka ɓata lokaci ne.

Akwai kuma wani mutum na uku da ba a taɓa kiran sa ba a duk zaman shari'ar nan, shi ne talakan da ake girke wa waɗannan bataliyoyi a ƙofar gida. Mutanen Kashmir ba su manta 2016 ba, lokacin da bindigogi masu watsa ƙwayoyin ƙarfe suka lalata idanun ɗaruruwan matasa. Ƙabilun dazuzzukan tsakiyar Indiya su ma suna da nasu labarin. Tausaya wa hafsa a kan anininsa ba zai wanke wannan ba, kuma ba wanda zai iya rantsuwa cewa in ɗan gida ya hau kujerar Darakta Janar harbi zai ragu. Abin da hankali ke nunawa dai shi ne, kamfanin da kwamandansa ke cike da ɗaci, kurtunsa kuma bai ga iyalinsa ba wata da watanni, ba a kan minista yake huce haushinsa ba. A kan direban da ya tsaya a shinge yake hucewa. Sannan shugabancin aro yana da wani aibi ta fuskar alhaki: wanda zai yi shekara uku ya tafi, da wuya ya tsaya gyaran ɓarnar da za ta ci shekara goma, kuma in an zo tuhuma ya riga ya koma jiharsa.

Tushen cutar kuwa a fili yake. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ita ce uwar rundunonin biyar, ita ce kuma mai kula da rukunin IPS. Duk takardar da za ta nemi a rage kujerun 'yan aro, dole ta bi ta teburin Darakta Janar, wanda shi kansa ɗan aro ne. An ba kura ajiyar nama, sannan ana mamakin yadda nama ke raguwa. Abin da hankali da adalci suke buƙata bai da wuyar faɗa: duba tsarin kujeru ya koma hannun wani kwamiti wanda babu mai cin moriya a cikinsa, a kuma yi shi a kan lokacinsa, a yanka wa ƙaramin kwamanda da kurtu shekarun ƙarin girma na farko kamar yadda aka yanka wa ɗan IPS, a tsayar da ƙa'ida ɗaya ta jera sunaye wadda ba za ta koma baya ta ci waɗanda aka riga aka jera ba, in kuma har ana son gogewar gunduma a saman runduna, to, a riƙa tura 'yan gida su ma aro zuwa jihohi su samo ta, ɗan IPS mai son shugabantar bataliyoyi kuma ya fara zuwa tun yana saurayi ya kwana a daji tare da su. Kujerar Darakta Janar a buɗe ta ga duka biyun, wanda ya fi cancanta ya hau.

Hukuncin kotu takarda ne, masu aiwatar da shi kuwa su ne waɗanda aka kayar, kuma gwamnati mai rinjaye a majalisa ba ta rasa hanyar kewaye takarda in ta ga dama. Haƙƙin da aka fara jayayya a kansa na 2006 ne. Saurayin da ya sa anininsa na farko a wannan shekarar yana ɗan shekara 25, ranar da kotu ta kori roƙon gwamnati a Oktoban 2025 yana da 44, kuma waɗanda suka girme shi da yawa sun karɓi labarin hukuncin ne suna gida, sun riga sun miƙa kaki.